Abin Da Aka Sha A Jirgi, Da Makullin Motar Da Ke Jira A Ƙasa

Bismillahir Rahmanir Rahim.



Makonni uku da suka wuce, bayan sallar isha'i, wani matashi ya ƙi tashi daga sahu har ladan ya fara kashe fankoki. Na san shi, na san mahaifinsa, ni na ɗaura masa aure. Ya matso ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da magana, amma ba ta cikin masallaci ba ce." Muka fita muka zauna a kan dakali. Abin da zan rubuta yau da izininsa ne, kuma na sauya duk abin da zai sa a gane shi, saboda haka kada kowa ya fara lissafin wa da wa suka yi tafiya bana.

Wurin aikinsu ne suka tura shi kwas na mako biyu a Ingila. Ya bar gida da asuba, ya yini a Legas, ya hau jirgin dare. Tun kafin ya tashi ya riga ya biya kuɗin motar da zai karɓa a filin jirgi, irin wadda kamfani ke ba ka haya da makullinta ka tuƙa da kanka, don garin da za shi da 'yar tazara. Bayan an raba abinci aka turo keken nan na abin sha. Na kusa da shi ya karɓi 'yar ƙaramar kwalba, shi ma ya ce a ba shi. Ya ce da ni, "Wallahi Malam ban taɓa sha a ƙasar nan ba. Cewa na yi za ta taimaka in samu barci, kuma ba wanda ya san ni a ciki." Ya sha ɗaya, ya ƙara, can dare ya raba ya ƙara ta uku.

Da asuba suka sauka. Ya wanke fuska, ya sha kofi, ya ji shi garau. Ya sa hannu a takardun haya bai karanta ba, aka miƙo masa makulli. Shataletale na biyu da fita, ya duba hagu kamar yadda ya saba a gida, ya ga ba komai, ya shiga. A Ingila kuwa mota daga dama take fitowa. Wata mata ce da ɗanta a kujerar baya. Yaron Allah Ya tsare shi, ita ta karye a wuyan hannu. 'Yan sanda suka zo suka ba shi na'urar nan ya busa. Ta nuna akwai barasa a jikinsa, amma ba ta kai iyakar da dokarsu ta sa ba. Aka ci shi tarar tuƙin ganganci, inshora ta ɗauki sauran, ya gama kwas ɗinsa ya dawo. Tambayarsa ita ce: tunda doka ta sake shi, kuma ya yi istigfari, akwai sauran wani abu a kansa?

Zan zo kan amsar da na ba shi. Amma bari mu fara warware maganar, don ba shi kaɗai ba ne. Shi dai ya samu ƙarfin halin faɗa.

Na fara tsayawa a kan kalmarsa ta "ba wanda ya san ni". Jirgin sama wuri ne mai ruɗi. Ka bar garinku, ba ka isa garin mutane ba, waya a kashe, fitila a rage, abin kuma kyauta ne, da murmushi ake miƙo shi. Na ga wannan da idona lokacin da nake karatu ina kai da komowa: mutum da hularsa da carbinsa a ɗakin jira, ana ɗagawa sama sai ya zama wani daban. Wasu har suna ɗauka tafiya tana da nata hukuncin. To lallai tana da shi. Matafiyi yana yin ƙasaru, yana haɗa salloli biyu, yana ajiye azumi ya rama. Amma ku duba da kyau, duk waɗannan sauƙaƙa wajibi ne saboda wahala. Babu ko ɗaya da ya buɗe ƙofar haram. Abin da ke buɗe ta lalura ce ta ceton rai, kuma rashin barcin dare ɗaya bai kai nan ba, bai ma kama hanya ba.

Haramcin giya ba sai na tsawaita ba, yaron Islamiyya ya san shi. Ya sauka daki-daki: aya ta 219 a Baƙara ta nuna zunubinta ya fi amfaninta, aya ta 43 a Nisa'i ta hana mai maye kusantar salla, sannan aya ta 90 da ta 91 a Ma'ida suka rufe ƙofar gaba ɗaya. Hadisi kuma ya tabbata a wajen Abu Dawud da Tirmizi cewa ƙaramin abu mai sa maye hukuncinsa ɗaya da babbansa. Wadda nake so mu lura da ita ita ce ta tsakiya, ta Nisa'i. Dalilin da aka bayar a cikinta hankali ne, wato mutum ya san abin da ke fita daga bakinsa. Mai salla a tsaye yake wuri guda, ba ya gudu, ba ya ɗauke da kowa, amma ba a yarda da shi ba in hankalinsa ya taɓu. To ina ga wanda ya riƙe ƙarfe mai nauyin fiye da tan ɗaya, a titin da doka ta ba shi mil 70 a awa, wato wajen kilomita 112?

Sai abin da ke faruwa a jiki. Kada wani ya ce Malam ya iya lissafin kwalba. Akwai likita a cikin mamuna, na zaunar da shi na yi masa tambayoyi, na kuma karanta abin da na samu. Hanta ce ke sarrafa barasa, kuma ba ta sauri don kana sauri. A ma'aunin da hukumomin lafiya na Birtaniya ke amfani da shi, awo ɗaya shi ne mililita 10 na tsantsar barasa, kuma jikin babban mutum yana ɗaukar kimanin awa ɗaya kafin ya gama da awo ɗaya. 'Yar kwalbar ruwan inabin da ake rabawa a jirgi mililita 187 ce, ta haura awo biyu. Ƙaramar nan ta mai zafi, mililita 50, awo biyu ce cif. Uku kenan sun kai aikin awa shida zuwa bakwai, daga Legas zuwa Landan kuwa tafiyar awa shida da rabi ce ko kusa da haka. Wanda ya ci gaba da sha har tsakiyar tafiya, da ita zai sauka, da ita zai bi layin buga fasfo, da ita zai sa hannu. Kofi ba ya cire ta, wanka ba ya cire ta, cingam wari kawai yake ɓoyewa. Abin da kofi ke yi ma ya fi haɗari, yana buɗe maka ido ka ji kamar ka warware.

Akwai maganar da ake yawan yi wai kwalba ɗaya a sama daidai take da uku a ƙasa. Gaskiyar magana, yawan barasar da ke jini ba ya ninkuwa don ana sama. Abin da ke akwai shi ne, iskar cikin jirgi ana daidaita ta ne kamar ta wanda ke kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400, oksijin ya ɗan ragu, iskar a bushe take, barcin kan kujera kuma ba barci ba ne. Giyar da ya sha don barci ita ma ɓata barcin take yi, tana kwantar da mutum da wuri ta tashe shi a wahale. Duk waɗannan taruwa suke a kan kwanya ɗaya. Matuƙin jirgin da ya ɗauko ka fa? A dokar Amurka ba shi da izinin tuƙi sai ya yi awa 8 rabonsa da sha. Kai da ba ka yarda ya sha ya ɗauke ka ba, yaya aka yi ka yarda wa kanka ka sha ka hau titi da 'ya'yan mutane?

Kuma ba titin unguwarku ba ne. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, saboda haka duk wanda bai kai shekara hamsin ba bai san wani hannu ba. Ingila, Malesiya, Kenya, Afirka ta Kudu, Indiya, Japan, duk hagu suke bi. Sitiyari yana ɗaya gefen, madubi ba ya inda idonka ya saba zuwa, in motar mai canji ce da hannun hagu za ka canza. Bahaushe ya ba abin sha da abin canjin mota suna ɗaya, amma ba a taɓa haɗa su an wanye lafiya ba. Mutum mai cikakken hankali ma sai ya riƙa tuna wa kansa a kowace kwana, hagu, hagu. Abin da barasa ke fara taɓawa kuwa shi ne wannan lurar, sai ta bar ka da sabo. Sabon ne ya juya kan ɗan'uwanmu zuwa hagu a shataletale.

Yanzu maganar "ban kai iyaka ba". Iyakar nan ba ɗaya ba ce a duniya. A Ingila da Wales miligiram 80 ne a cikin mililita 100 na jini. A Scotland 50 ne tun Disamba 2014, wato ka taso daga Manchester kana cikin doka, ka shiga Glasgow kana mai laifi, da mota ɗaya da jini ɗaya. Faransa da Jamus 50. Sweden da Norway 20. Hungary da Jamhuriyar Czech sifili, haka ma Dubai. Amurka 80 ne, ban da jihar Utah da ta sauko 50 a ƙarshen 2018. Me wannan ke gaya mana? Lambar nan layi ne da kowace majalisa ta ja don ta san wanda za ta gurfanar, ba shaida ba ce cewa wanda ke ƙasa da ita hankalinsa cikakke ne. Da a Stockholm ɗan'uwanmu ya busa, wataƙila da labarin ya sha bamban. Wanda kuma ya haura ta a Ingila, mafi ƙaranci a hana shi tuƙi shekara guda, ana iya ɗaure shi har wata shida, in rai ya salwanta hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Amurka tana iya soke biza saboda kamun tuƙi cikin maye tun kotu ba ta yanke hukunci ba, Kanada kuma tana iya hana mai irin wannan laifin shiga ƙasarta. Na faɗi waɗannan ne don wanda tsoron Allah bai riƙe shi ba, ko tsoron biza ya riƙe shi.

Inda na fi so mu daɗe shi ne nan. Wanda ya sha giya ya kulle ɗakinsa ya kwanta, ya yi babban zunubi, amma tsakaninsa da Ubangijinsa ne, kuma ƙofar tuba a buɗe take. Da zarar ya karɓi makulli, maganar ta fita daga tsakaninsu, haƙƙin bayi ya shigo, kuma ta ƙofa biyu.

Ƙofa ta farko ita ce motar kanta. A fiƙihu wannan ijara ce, wato haya. Ƙa'idar da malamai suka kafa ita ce, abin haya amana ne a hannun wanda ya ɗauka. In ya lalace ba da laifinsa ba, babu biya a kansa. Biya yana hawa kansa ne in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka yi masa izini. Magabata da raƙumi da jaki suke kawo misali: ka yi hayar dabba don ɗaukar kaya kaza, ka ɗora mata fiye da haka ta mutu, kai za ka biya. Abin da ya ba ni sha'awa, takardar da kamfanonin haya ke miƙo maka a kanta, wadda ba mai karantawa, ita ma haka take cewa. Kusan dukkansu suna da sharaɗin cewa kariyar da ka saya tana faɗuwa in ka tuƙa cikin maye, sai a bi ka kuɗin gyara ko na motar sukutum, ga katin bankinka kuma a hannunsu. Musulmi kuwa sharaɗin da ya sa wa hannu yana hawa kansa, ko da kamfanin na wanda ba Musulmi ba ne. Suratul Ma'ida ɗin nan da ta haramta giya, da umarnin cika alƙawura ta buɗe.

Ƙofa ta biyu ta fi nauyi: jini da gaɓoɓin mutane. Wasu suna zaton mai maye kamar mahaukaci ne, an ɗauke masa alƙalami. A'a. Mahaukaci bai zaɓi haukarsa ba, wannan kuwa da hannunsa ya karɓi kwalba. Shi ya sa a mashahurin zance na Malikiyya, wanda ya bugu ta hanyar haram ana kama shi da ɓarnar da ya yi wa rai ko dukiya. A zamaninmu kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 8 a Brunei cikin 1993, ta yi matsaya a kan haɗurran mota: bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma direba yana ɗaukar alhakin cutar da ya jawo, sai in abin ya fi ƙarfinsa ta yadda ba yadda zai yi ya kauce. In an rasa rai bisa kuskure akwai diyya, akwai kaffarar azumin wata biyu a jere, kamar yadda aya ta 92 a Nisa'i ta tsara, kuma ayar ta ambaci har mutanen da ke da alƙawarin zaman lafiya da Musulmi. Bizar da ke cikin fasfonka alƙawari ce: sun ba ka aminci, kai ma ka ba su. Matar nan ba ta san ka ba, ɗanta take kaiwa wani wuri da sassafe. Istigfarinka ba ya ɗora mata ƙashi.

Na san da yawan masu karanta wannan za su ce, alhamdu lillahi mu ba ma sha. Madalla, Allah Ya ƙara tsarewa. Amma kada ku tashi tukuna. Wani bincike da aka yi a Ostareliya, aka buga a 1997, ya nuna wanda ya yi awa 17 ido biyu, lurarsa tana raguwa kamar ta mai miligiram 50 a jini, wanda ya kai awa 24 kuma kamar mai 100. Ku lissafa wanda ya tashi sallar asuba a Kano, ya yini a hanya, ya kwana a zaune, ya karɓi mota da hantsi. Bai sha komai ba, ba shi da zunubin giya, amma a kan sitiyari ɗan'uwan mai maye ne, kuma in ya san halin da yake ciki ya tuƙa, sunan wannan sakaci. Ni kaina na taɓa yi, na sauka daga doguwar tafiya na karɓi mota daga hannun ƙanena don wai na fi shi sanin hanya, sai ƙarar tsakuwar gefen titi ce ta farkar da ni. Tun ranar na daina. Ka kwana kusa da filin jirgi, ko ka hau jirgin ƙasa ko bas, ka karɓi motar washegari. Kuɗin ɗakin kwana ɗaya bai kai kuɗin fitilar mota guda ba.

Wasu tambayoyi biyu da ake yawan yi mini, a gurguje. Zama kusa da mai sha a jirgi: ba teburin da ka zaɓa ba ne, kujera ce aka ba ka, in an samu canji ka canza, in ba a samu ba babu laifi a kanka. Amma in kana bakin hanya shi yana jikin taga, kada ka karɓi kofin ka miƙa masa, domin hadisin da ya la'anci masu hannu a giya ya haɗa da mai ɗaukarta. Ka ja baya da ladabi, ma'aikaciyar ta miƙa da kanta. Wanda kuma yake da zaɓi, akwai kamfanonin da ba sa raba ta sam, irin su Saudia da Kuwait Airways. Ta biyu: abokin tafiyarka ya sha, ko da oganka ne, kuma sunansa ne a takardar mota. Kada ka shiga, kuma kada ka yi shiru. Ka ce, "Ranka ya daɗe, mu huta tukuna," ko a ƙara sunanka a matsayin direba na biyu in kai ka samu barci. Kada dai ka karɓi makulli sunanka ba ya cikin takarda, wannan ma saɓa sharaɗi ne.

To, ga abin da na gaya wa ɗan'uwanmu a kan dakali.

Na ce masa shan da ya yi, tubansa shi ne ya bari, ya yi nadama, ya ƙudurta ba zai koma ba, kuma ya rufa wa kansa asiri, ba sai ya bi mutane yana ba da labari ba. Ya tambaye ni hadisin kwana arba'in da ba a karɓar sallar mashayi. Na ce malamai sun fassara shi da rasa lada, ba faɗuwar wajibi ba, salla tana nan a kansa, kuma hadisin da kansa ya buɗe ƙofa ga wanda ya tuba. Game da kamfanin mota, na ce ya nemo kwafin takardar ya karanta sharaɗin da idonsa, ya kuma tuna ko akwai inda aka tambaye shi ya sha ya ce a'a. In akwai, sai ya gyara, ko da zai jawo masa biya. Ya ce ba a tambaye shi ba, kuma sakamakon busawar yana cikin rahoton 'yan sanda da kamfanin ya karɓa. Na ce to wannan ka fita.

Saura matar. In an biya ta abin da ya dace na jinya da asarar aikinta, ɓangaren dukiya ya sauka, ko ta hannun wa kuɗin ya fito. Amma na ce masa bai san an biya ba, zato yake yi, ya bincika. Sannan akwai tsoron da ta ji da zafin da ta sha, wannan yafiya yake buƙata. Na hana shi neman ta kai tsaye ta intanet, don a can hakan yana iya zama wani laifin, kuma yana iya tayar mata da hankali. Ya rubuta gajeriyar wasiƙar ban haƙuri, ya bi ta hannun kamfanin inshora ko lauya, su tambaye ta ko tana so ta karɓa. In ta ƙi, haƙƙinta ne, ya yi abin da zai iya, ya yawaita aikin alheri, ya roƙi Allah Ya gamsar da ita a madadinsa.

Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, a wasiƙar in faɗa mata na sha?" Na ce kada ya rubuta ƙarya, kada kuma ya rubuta abin da zai nuna gajiya ce kaɗai, amma yadda za a tsara kalmomin ya nuna wa lauya tukuna. Shekaranjiya ya turo mini saƙo cewa wasiƙar ta tafi. Har yanzu ba amsa.

Wallahu a'alam.